Tarihin Kafireta da Dalilin da Ya Sa Take Yoyo a Tsohuwar Mota

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, a wani ƙauye na ƙasar Funtuwa. Ya ce yana da akori-kura ƙirar Peugeot 404 wadda ya gada daga mahaifinsa, da ita yake kai masara da dawa kasuwannin ƙauye. To, kwanan nan kafiretarta ta soma yoyo. Duk inda ya ajiye motar sai warin fetur ya cika wurin, da safe kuma ba ta tashi sai an tura. Bakanike ɗaya ya ce a gyara, wani ya ce a jefar a sayo sabuwa. Shi ne yake so mu ba shi tarihin wannan abu, wa ya ƙirƙiro shi, kuma wanne ya fi tsakanin gyara da canji.

To, Malam, mun gode da wannan tambaya. Amma kafin mu shiga tarihi, ga magana ɗaya ta gaggawa: kada ka sake ɗora wa motar nan buhu ko ɗaya sai an tsayar da yoyon. Fetur da ke ɗiga a kan inji mai zafi ba ya jiran a kai kasuwa a dawo, tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa. Ka ajiye ta nesa da rumbu da madafa, ka cire kan batir, sa'an nan ka saurari amsarka.

Da farko dai, mene ne aikin kafireta, wadda wasu ke kira kafireto, wasu kuma kabureta? Watau shi fetur ba ya ci da wuta yadda ake so a cikin inji sai an gauraya shi da iska, kuma gaurayar tana da ma'auni. Idan aka bi ta nauyi, ana bukatar iska wajen kashi 15 ga kashi 1 na fetur. In mai ya yi yawa, mota ta riƙa baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, aljihunka ya ji a jikinsa. In kuma iska ce ta yi yawa, inji ya yi zafi, ya rasa ƙarfi, ya riƙa tari. Kafireta ita ce mai damun, kamar mai dama fura da ta san yawan nonon da za ta zuba.

Yadda take yin wannan aiki kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe famfon filit na da, wanda ake fesa maganin sauro da shi, ya riga ya ga dabarar. Kana tura iska da ƙarfi ta bakin wani siririn bututu, sai iskar ta zuƙo maganin daga gwangwani ta watsa shi kamar hazo. Ilmin da ke bayan haka tsoho ne, ya girmi mota nesa ba kusa ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738 cewa in ruwa ko iska suka ƙara gudu, to dannawarsu tana raguwa. Daga baya wani Ba'italiye, Giovanni Battista Venturi, ya wallafa bincikensa a 1797 kan abin da ke faruwa idan ruwa ya bi ta bututun da aka matse wa tsakiya. Ka dai ga yadda kogi yake ƙara gudu a inda gaɓa ta matse shi. Maƙogwaron kafireta haka yake, an tsuke shi a tsakiya, iskar da fistan ke zuƙa ta bi ta wurin da gudu, ta jawo fetur ta wata 'yar ƙofa da ake kira jet. Har yau sunan wannan Ba'italiye ake kiran maƙogwaron da shi, ko da yake shi bai taɓa ganin mota ba.

Su kafiretocin farko ba haka suke ba. Lokacin da Bajamushen nan Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku a watan Janairu na 1886, abin da ke cikinta kusan tukunya ce kawai ta mai. Iska takan bi ta saman man ta kwashi tururinsa ta kai cikin inji. Wani kuma a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Siegfried Marcus, ya gwada buroshi mai juyawa yana fantsama mai cikin iska. Duk suna aiki, amma da wahala. Mai sauƙin tashi daga cikin man shi ke fara ƙafewa, a bar mai nauyi a ƙasan tukunya. Ranar sanyi inji ya ƙi tashi, ranar zafi ya sha fiye da ƙima, in kuma aka faɗa rami man ya yi tambal-tambal, ma'auni ya rikice.

A nan akwai labarin da ya kamata ka ji, domin ya shafi toshewar hanyar mai. A watan Agusta na 1888 matar Benz, mai suna Bertha, ta ɗauki motar mijinta da sassafe ba tare da ta gaya masa ba, ita da 'ya'yanta maza biyu, ta nufi garin mahaifiyarta. Daga Mannheim zuwa Pforzheim ne, tafiyar fiye da kilomita 100, kuma babu wanda ya taɓa yin doguwar tafiya irin wannan a mota kafin ita. Motar ba ta da tanki dabam, abin da kafiretar ta ɗauka, wajen lita 4 da rabi, shi ne guzurin. Gidan mai kuwa babu shi a duniya tukuna. Sai da ta tsaya a wani kantin sayar da magani a garin Wiesloch ta sayi wani mai da ake goge tabon tufafi da shi ta zuba. Da hanyar mai ta toshe a kan hanya, sai ta zare dogon tsinken da mata ke soke hula da shi ta zunguro dattin. Ka ga ke nan tun ranar da aka fara tafiya a mota, datti cikin mai yake ba direba wahala.

Kafireta irin wadda ke cikin motarka ta samu ne a shekarun da suka biyo baya, kuma an yi ta jayayya kan wanda ya riga. A 1893 Wilhelm Maybach, abokin aikin Gottlieb Daimler a Jamus, ya fito da mai feshi ta jet. A wannan shekara dai wasu injiniyoyi biyu na ƙasar Hangari, Donát Bánki da János Csonka, suka yi rajistar tasu, mutanen ƙasarsu kuma har gobe su suke ba wa lambar. A Ingila kuwa akwai Edward Butler, wanda ya riga ya sa irinta a kekensa mai inji tun cikin shekarun 1880. Da magana ta kai gaban kotun Ingila, alƙalai suka ce Butler ya riga masu riƙe da rajistar Maybach. Mu dai a ganinmu, abu ne da lokacinsa ya yi, mutane da dama suka isa gare shi ta hanyoyi dabam-dabam.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan sabuwar ƙira, kuma shi ne tushen matsalarka, wani ɗan kwano ne da ke gefen maƙogwaron. Domin jet ya ba da mai daidai, dole man da ke cikin kwanon ya tsaya a tsayi ɗaya kullum, kada ya hau kada ya sauka. Sai aka sa wani abu mara nauyi yana iyo a kan man, kamar gorar da masunta ke hawa a kogi. Bari mu kira shi gora. A saman gorar akwai 'yar allura mai tsini da ke shiga bakin ramin da mai ke shigowa. In mai ya ragu, gora ta sauka, allura ta buɗe, mai ya shigo. In kwano ya cika, gora ta taso ta tura allura ta toshe ramin. Shi ke nan. Fiye da shekara 100 ana ta canza wa kafireta siffa, amma gora da allura suna nan yadda suke, kuma mafi yawan yoyon da ake kuka da shi daga wajensu yake.

A motocin farko, irin su Ford Model T da aka ƙera fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, babu famfon mai. Tanki yana ƙarƙashin kujerar direba, ya ɗan fi kafireta tsayi, mai yana gangarowa da kansa. Shi ya sa in aka zo hawan tudu mai tsayi kuma mai ya yi ƙasa a tanki, sai direba ya juya motar ya hau da baya. Gorar wasu kafiretocin wancan zamani da irin itacen toshiyar kwalba aka yi ta, aka shafe ta da wani ƙaro don kada ta sha mai. In ƙaron ya ɓare, gora ta jiƙe ta nutse, allura ta zauna a buɗe, man tanki kaf ya tsiyaye a ƙasa cikin dare ɗaya. Daga baya aka koma gorar tagulla mai rami a ciki, sa'an nan ta roba.

Abu biyu suka canza wajen ƙarshen shekarun 1920 zuwa farkon 1930, kuma su ne suka sa yoyo ya ƙara zama haɗari. Na ɗaya, an kawo famfon mai, aka mayar da tanki bayan mota, watau yanzu turo man ake yi da ƙarfi, ita kuwa 'yar allurar nan ita kaɗai ke tare shi. Na biyu, da can kafireta a ƙasa take a gefen inji, iska na bi ta cikinta ta hau sama, in ta yi ambaliya sai man ya zube a turɓaya. Sai aka ga inji ya fi samun ƙarfi in aka ɗora ta a sama iska na gangarawa. To, da aka ɗora ta a sama, duk abin da ya zubo ko dai ya kwarara a jikin inji mai zafi, ko ya gangara cikin silinda. Taka irin wannan ce.

Kada ka ɗauka masu tsofaffin motoci kaɗai gora ta taɓa ba kunya. A 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen yaƙin Ingila samfurin Spitfire da Hurricane suna amfani da kafireta mai gora. In matuƙi ya kifa hancin jirgi ƙasa da sauri, sai man ya tashi sama a cikin kwano, inji ya rasa mai na ɗan lokaci, daga nan kuma ya shaƙe da shi. Jiragen Jamus ba su da wannan matsala domin su famfo ke tsarta musu mai kai tsaye. Wata injiniya mai suna Beatrice Shilling ce ta samo maganin wucin gadi: ɗan faifan tagulla mai huda a tsakiya da aka sa a hanyar mai don kada ya shigo fiye da abin da inji zai iya sha. A farkon 1941 aka bi sansanonin jirage ana sa shi.

Yanzu bari mu matso kusa da gida. In ka goge jikin kafiretarka da tsumma, mai yiwuwa ne ka ga an rubuta Solex. Wannan kamfanin Faransa ne da wasu mutum biyu, Maurice Goudard da Marcel Mennesson, suka kafa a farkon ƙarni na 20. Da lagireto suka fara kafin su koma kafireta, kuma su ne suka fito da ɗan keken nan mai inji a kan ƙafar gaba a 1946, wanda dattawan ƙasashen da Faransa ta raina za su tuna. Akwai kuma Zenith, da Weber ta Italiya, da SU ta Ingila wadda ake samu a motocin Morris da Austin, da Holley da Carter na Amurka. A babura kuwa sunayen Japan ne, Mikuni da Keihin.

Ita 404 ta fito ne a Faransa a 1960, 504 ta biyo ta a 1968. A 1975 masana'antar haɗa Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta soma aiki, a shekarar ce kuma aka buɗe ta Volkswagen a Legas, mai haɗa 'yar ƙwaron nan da Yarbawa ke kira Ijapa, watau kunkuru. Ita ma Solex ke cikinta. Daga nan Fijo, kamar yadda muke kiranta, ta zama motar gwamnati, motar haya, motar asibiti, motar 'yan kasuwa. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta. Wannan ne ya sa kusan duk bakaniken da ya yi furfura a ƙasar nan a kan Solex ya koyi aiki, yana iya kwance ta ya ɗaura ido rufe. Wannan ba ƙaramar sa'a ba ce gare ka.

Me ya kashe kasuwar kafireta? Ba lalacewa ta yi ba, dokar hayaƙi ce ta kore ta. Tun 1954 Mercedes ta sa injekta a wata motarta mai tsada, ita kanta 404 akwai wadda aka yi da injekta a shekarun 1960 don masu kuɗin Turai. A 1967 kamfanin Bosch ya fito da injekta mai aiki da lantarki a cikin wata Volkswagen. Amma abin da ya yanke hukunci shi ne dokar tsabtace iska da Amurka ta yi a 1970. Daga 1975 aka soma sa wa motoci wata matata a salansa mai rage gubar hayaƙi, ita kuwa matatar ba ta aiki sosai sai ma'aunin mai da iska ya tsaya cif a kowane lokaci. Gora da jet ba za su iya wannan ba, sai kwamfuta. Zuwa farkon shekarun 1990 an daina sayar da sababbin motoci masu kafireta a Amurka, Turai ma ta bi sahu da dokarta ta 1992. Mu nan mun ga canjin ne ta hanyar motocin Beljiyam da ke shigowa ta Kwatano. A can Turai da Amurka, mota irin taka ta zama kayan tarihi, masu sha'awa na sayenta da tsada suna fita da ita ranar hutu. A wajenka kuwa ita ce jakin gida. Amma kafireta ba ta mutu ba: tana cikin mafi yawan baburan da ke ƙauyukanmu, da injin ban-ruwa na fadama, da janareta, da injin niƙa mai shan fetur.

To, mu koma kan yoyonka. Abu na farko, a gano daga ina yake fitowa, domin sau da yawa kafireta ake zargi alhali tiyo ne ya tsage ko abin ɗaure bakinsa ya saki. A fitar da motar fili da rana, ba da dare da fitilar aci-balbal ba, kuma kada mai shan taba ya matso. A wanke jikin kafiretar, a bari ta bushe, a barbaɗa mata hoda ko garin alli, sa'an nan a tayar da inji. Inda hodar ta fara jiƙewa, nan ne. A ajiye bokitin yashi kusa. Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, ruwa ƙara watsa ta yake yi.

In an cire tukunyar iska aka leƙa maƙogwaro aka ga mai yana ɗiga ciki bayan an kashe inji, ko yana ɓulɓulowa ta sama, to kwano ne ke ambaliya. Yadda ka ce motar ba ta tashi da safe ga kuma wari, mu wannan muka fi zato. Dalilansa ba su da yawa. Ko dai ƙwayar yashi ko tsatsar tanki ta maƙale tsakanin allura da mazauninta. Direbobi sukan ƙwanƙwasa kwanon da ƙotar sukuddireba, dattin ya faɗi, yoyo ya tsaya, amma wannan dabarar isa gida ce kawai, in ba a wanke tanki an sa matatar mai ba gobe ma zai dawo. Ko kuma tsinin allurar ya cinye, shekara da shekaru tana buɗewa tana rufewa, in ka duba za ka ga zobe ya fito a jikinta. Wannan ba ta gyaruwa, sai a canza ta tare da mazauninta.

Ko kuwa gorar ce ta huje. Ka sa bakanike ya ciro ta, ka girgiza ta kusa da kunnenka. In ka ji motsin ruwa a ciki, ta sha mai. In ta tagulla ce, a tsoma ta cikin ruwan zafi wanda aka riga aka sauke daga wuta aka kawo nesa, za a ga kumfa na fita daga inda hudar take. Ana iya like ta da dalma bayan an tabbata babu sauran mai a ciki, amma a yi hattara, dalma in ta yi yawa gora ta yi nauyi, an koma gidan jiya. In ana samun wata, canzawa ya fi. Bayan haka sai a duba tsayin mai a kwano. A yawancin Solex, kaurin ɗan zoben da ke ƙarƙashin mazaunin allura shi ke ƙayyade tsayin. Yaron gareji ya yar da shi, ko ya sa wanda ya fi shi siriri, sai mai ya hau ya wuce iyaka.

Akwai wani dalili da ya yawaita a 'yan shekarun nan. Famfon mai na asali ya mutu, sai a ɗauko na lantarki a ɗaura. In irin na motar injekta ne, ƙarfin turinsa ya kai ninki goma na abin da allurar kafireta za ta iya tarewa. Ko sabuwa fil ka sayo daga kanti, ambaliya za ta yi. Ka tambayi kanka ko an taɓa famfon motarka kafin yoyon ya soma.

In kuma daga gefe yake tsattsafowa, inda murfi ya haɗu da kwano, to gasket ne. Amma a nan ma akwai abin lura. Jikin kafireta da wani ƙarfe mai taushi ake zuba shi, mai tutiya a ciki. Duk lokacin da aka ga danshi sai a ƙara matse sukurori, a hankali murfin ya lanƙwashe, kunnuwansa su sauka tsakiya ta ɗage. Sabon gasket ba zai rufe wannan ba. Kanikawan da suka san aiki sukan shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi su goga fuskar murfin a hankali har ta daidaita, sa'an nan su ɗaure sukurorin da kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai waccan. A gefen kwanon kuma akwai ɗan famfo mai fatar roba, wanda ke tsarta mai in ka taka totur. Robar takan bushe ta tsage, mai ya riƙa ɗiga ta wajen hannunsa. Ita ma canzawa ake yi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne shafa gam ko sabulu. Fetur yana narkar da gam, gutsattsarinsa su shige jet. Haka kuma zungurar jet da waya: Bertha bututu ta zungura, ba jet ba. Ramin jet an auna shi, in ka faɗaɗa shi ko da kaurin gashi ne, motar ta zama mashayiya har abada. Da iska ake hura shi.

Shi kansa man yana da nasa laifin. Na 'yan bumburutu da ake juyawa daga jarka zuwa galan ba ya rasa ƙura da ruwa, balle lokacin hunturu. Man zamani kuma a ƙasashe da yawa ana gauraya shi da sinadarin etanol, kashi 10 cikin 100 a Amurka, Ingila ma ta koma haka a watan Satumba na 2021, masu tsofaffin motoci a can suna ta kuka domin yana cin tsohuwar roba da ƙaron gorar da. Mu ma a watan Fabrairu na 2022 hukuma ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa, dogon layi ya biyo baya a gidajen mai.

To, gyara ko canji? Mu gyara muke ba ka shawara, in dai gangar jikin ba ta tsage ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Allura da mazauninta, gora, gasket da robar famfo, duk kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin kafireta guda ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ka fi kowa sanin abin da lita ke ci. In lita ɗaya ce ke zubewa a yini, a wata ka zubar da lita 30 a turɓaya. Inda gyara ba ya amfani wuri uku ne: in jikin ya tsage, in zaren da ake ɗaura bututun mai a ciki ya cinye sarai, ko in sandar totur ta ci raminta har tana girgiza a hannu. Wannan na ƙarshe iska yake shigarwa ta ɓarauniyar hanya, mota ta ƙi tsayawa a silo duk yadda aka juya sukurun. Ana iya sa masa hannun riga na tagulla a wajen masu injin gurza ƙarfe, amma ba kowane gari ake samunsu ba.

In ta kama sai an canza, ka tafi da tsohuwar a hannunka, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Kada ka aiki yaro da suna kawai. A jikinta akwai lamba, a jikin kowane jet ma akwai lamba, kuma kafiretoci biyu suna iya yin kama kamar tagwaye alhali ɗaya ta ƙaramin inji ce ɗaya ta babba. Za a nuna maka tsohuwa ta asali da aka ciro daga wata mota, a kuma nuna maka sabuwa mai ƙyalli cikin kwali, kwaikwayo, wataƙila ma ta fi araha. A cikin na kwaikwayon akwai masu kyau, akwai waɗanda tun ranar farko allurarsu ba ta rufewa, araha dai ba ta ado. In ta asalin ka zaɓa, ka girgiza sandar toturinta a gaban mai kaya, ka sa ya buɗe murfi ka ga ko ruwa ya kwanta a kwanon ya ci shi da farin tsatsa. Kowacce ka saya, kada ka bar wa bakanike tsohuwarka, jet ɗinta na asali ne kuma wata rana za ka neme su.

Saura abu ɗaya da ake mantawa. Kafiretar da ta daɗe tana ambaliya ta riga ta tura fetur cikin baƙin mai. Ka zaro sandar awo ka sansana. In ka ji warin fetur, ko ka ga baƙin mai ya ƙaru maimakon ya ragu, a juye shi a zuba sabo kafin motar ta ɗauki kaya, in ba haka ba ka tsira daga gobara inji ya buga a hanyar kasuwa. In an gyara kafireta kuma baƙin mai ya ci gaba da ƙaruwa, to robar famfon mai ce ta huje, a duba can.

Ga sauran masu sauraro da ke da babur ko injin ban-ruwa, naku tanki a sama yake kamar na Model T, mai yana gangarowa da kansa. Akwai ɗan makunni a ƙarƙashin tankin. Ku riƙa rufe shi duk lokacin da kuka kashe inji, musamman in a zaure ko ɗaki yake kwana. Kai kuma Malam na ƙasar Funtuwa, in an buɗe kafiretar ka sake rubuto mana abin da aka tarar a ciki, da lambar da ke jikinta.